Ƙaro, itace ko haɗi: wane turare za a ƙona a fadar da ka ƙirƙira?

Ɗan wana yana rubuta littafin yaƙi. Da dare yake yi, a waya, bayan ya taso daga shagon mahaifinsa a nan Agege, yana sakar wa masu karatunsa babi-babi a WhatsApp. Masarautar da ya ƙirƙira tana kan tsibirai ne a tsakiyar wani makeken ruwa mai gishiri-gishiri, da kwalekwale ake shiga fada, kuma duk wanda ya taɓa hawa gadar Third Mainland ya hango gidajen Makoko a kan ruwa ya san inda yaron ya samo ta. Wata Asabar ya same ni ina ɗura turare a kwalabe, ya gaishe ni, ya zauna daga bakin ƙofa.

"Gwaggo, na iso babin naɗin sarki. Na rubuta cewa an ƙona turare mai ƙamshi, amma na ji maganar ba ta zauna ba. Wane turare ake ƙona wa sarki?"

Na ce masa, "Ɗana, turare mai ƙamshi ai kamar ka ce an kawo wa baƙo abinci mai daɗi ne. Tuwo ne, ko fura?"

Haɗa turaren wuta sana'ata ce, wurin mahaifiyata na gaje ta, ita kuwa 'yar Maiduguri ce. Son sana'ar ya sa na daɗe ina bin tarihinta a duk inda na samu. Abin da na faɗa masa ranar shi zan shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ne marubucin da ke gina birni da ganuwa da dakaru dubu, sannan ya bar kaskon fada babu komai a ciki ba.

Turaren da ake ɗorawa a garwashi iri uku ne: ƙaron da itace ke zubarwa, kamar lubban, itacen kansa, kamar udu da sandal, sai haɗi, wanda hannun mutum ke tarawa daga abubuwa da yawa. Turaren tsinke ban sa shi a lissafi ba. Yana da amfaninsa, har mutanen Sin sun yi zamani suna auna lokaci da cin wutarsa, amma sarki ba ya hawa gado a kan hayaƙin da bai fi zare kauri ba.

Na fara masa da lubban, domin shi ne ya fi kowanne cika ido. In ka jefa ƙwayarsa a garwashi sai ta narke, ta yi tafasa, hayaƙi fari mai kauri ya miƙe sama. Ƙamshin farko kamar ɓawon lemun tsami ne haɗe da ɗanyen itace, mai sanyi, mai buɗe ƙirji. Amma ba ya jira. In aka bar shi ya daɗe a wuta sai ya baƙanta ya koma ƙauri, dole a kankare a sa sabo. Marubuci ya riƙe wannan: fadar da ke ƙona lubban tana buƙatar mutumin da aikinsa ke nan, yana tsaye kan kasko tun daga bugun tambari na farko har a gama naɗa rawani. Ga sarauta guda ta samu a labari ba tare da an nema ba.

Bishiyar lubban ba ta son daɗi. A kan duwatsu take fitowa, inda ruwa ya yi ƙaranci: Zufar ta ƙasar Oman, Hadramaut ta Yaman, tsaunukan Somaliya, da wasu sassan Habasha da Sudan. Ana tsaga ɓawonta, wani farin ruwa kamar nono ya tsattsafo, a bar shi kamar mako biyu ya daskare, a kankare, a sake tsagawa a wurin. Abin da aka fara kwasa ba shi ne mai kyau ba, na baya ya fi. In kuma aka matsa wa bishiya da yanka babu hutu, sai ta raunana, irinta ma ya daina tsirowa sosai. Mu ma muna da 'yar'uwarta a Arewa, hano, wadda wasu ke kira ararrabi, mai ɓawo yana saɓulewa kamar takarda, ita ma a kan duwatsu. Kakanninmu sun turara ɗaki da tufafi da ƙaronta tun ba a san kwalbar turare ba. Dashi kuma dangin mur ne, ƙamshinsa ya fi ɗaci da nauyi.

To ga inda maganar ta shafi labarin yaron. Masarautarsa ruwa ne ko'ina, hano ba zai rayu a can ba, kamar yadda ba za ka gan shi a Ikorodu ba. Ke nan in ya zaɓi lubban, sarkinsa ba zai naɗu ba sai ayari ya iso daga wata ƙasa mai nisa. Wanda ya tare hanya ya tare naɗi. Madugu ya zama mutumin da fada ke tsoro, masu fito su zama masu faɗa a ji. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu mazauna Agege, tunda fataucin goro ne ya zaunar da kakannin da yawa daga cikinmu a nan, goro ya yi Arewa, kanwa da fata da shanu su gangaro, balle bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911.

Tarihin lubban kuwa ya riga marubutan almara ƙirƙira. Hirodotus, Bagirken nan na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa macizai masu fukafukai ne ke gadin bishiyoyinsa a ƙasar Larabawa, sai an kore su da hayaƙi kafin a ɗiba. Filini na Rum, a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ce gidaje 3,000 ne kawai ke da gadon yankansa, kuma duk raƙumin da ya ɗauko shi dole ya shiga birnin Shabwa ta ƙofa guda da aka ware, wanda ya kauce hanya hukuncinsa kisa, masu hidimar gunkin garin kuma su cire ushirinsu kafin a sayar da ko ƙwaya. Ya ce a Iskandariyya, ma'aikatan da ke tace shi sai an tuɓe su an bincika kafin su tafi gida. Tun kafin su duka, sarauniyar Masar Hatshefsut ta tura jirage ƙasar Punt a ƙarni na 15 kafin haihuwar Annabi Isa, suka dawo da bishiyoyin turare da saiwarsu a cikin kwanduna, hoton yana nan a sassaƙe a bangon ɗakin bautarta na Deir el-Bahari. Sarauniya ce ta gaji da saye, ta so ta dasa nata. Wannan kaɗai ya isa littafi.

Inda lubban ya gaza shi ne kowa ya san shi. A Legas ma ba sai an je nesa ba: cocin Katolika na ƙona turare, masu fararen riguna na cocin Cele da Kerubu suna ƙonawa, Yarabawa ma da kalmarmu suke kiransa, turari. Mai karatu zai ji ƙamshin nan take, wannan riba ce, sai dai zai ji shi a matsayin ƙamshin ɗakin ibadar wasu, ba na wannan fada ita kaɗai ba. Kuma lubban na mai kuɗi ne kawai. Wanda ya ƙwace gado da takobi zai iya sayen buhu goma, hayaƙinsa ya tashi daidai da na ɗan halak.

Udu wani abu ne daban, kuma ina jin nauyin yin maganarsa da gaggawa. Bishiyar da ke ba da shi tana dazuzzukan Assam ta Indiya, da Kambodiya, da Biyetnam, da tsibiran Indunusiya. Lafiyayyen itacenta fari ne, marar nauyi, babu ƙamshin komai. Sai ta ji rauni, wata irin funfuna ta shige ta, sannan take tara baƙin mai a wurin ciwon don kare kanta, shekara da shekaru. Wannan ɓangaren mai ciwo shi ne udu. Mafi kyawunsa yana da nauyin da in ka jefa shi a ruwa nutsewa yake yi, shi ya sa sunansa a harshen Sin ke nufin ƙamshi mai nutsewa. An sare bishiyoyin da yawa ana neman mai ciwo a cikinsu, har a 1995 aka sa babban nau'insu cikin jerin abubuwan da ake sa wa cinikinsu ido tsakanin ƙasashe. Da tola ake auna shi, giram 11 da 'yan kai, ba da mudu ba.

A wuta, udu ba ya son garwashi mai ja. Sai ka bari toka ta lulluɓe shi, ka ɗora ɗan tsinke kamar rabin farcen yatsa, ka ga mai yana tsattsafowa a jikinsa. Hayaƙin siriri ne, amma ya shiga alkyabba ya kwana uku bai fita ba. Darajarsa a wurinmu Musulmi ba ta ɓuya: ya zo a Bukhari da Muslim cewa shi ne abin da ke cikin kaskon turaren 'yan Aljanna, an kuma ruwaito Abdullahi ɗan Umar yana turara jikinsa da shi, wani lokaci tsantsa, wani lokaci da kafur. Akwai ma tabi'in da ake kira Nu'aimu al-Mujmir, laƙabin da ya samo asali daga turara masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Abin da ya sa idon yaron ya buɗe shi ne labarin Japan. Tarihinsu ya rubuta cewa a shekara ta 595 ruwa ya turo wani gungume gaɓar tsibirin Awaji. Mutanen wurin ba su san ko mene ne ba, suka tura shi murhu tare da itacen girki, da ƙamshi ya tashi sai suka janye shi suka kai wa fada. Kuma har yau a taskar Shosoin da ke birnin Nara akwai wani gungumen udu da ake kira Ranjatai, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi, wanda wasu manyan masu mulki suka taɓa yankar wani abu daga jikinsa: Oda Nobunaga a 1574, sarki Meiji a 1877, an kuma liƙa 'yar takarda a gurbin da kowannensu ya yanka, da sunansa.

"Gwaggo, ai shi ke nan! Ruwa ya kawo gungume, kowane sarki ya yanki nasa."

Na ce ya dakata. Lallai ya dace da masarautar ruwa, kuma yana da wani abin da lubban ba shi da shi: yana ƙarewa. Gungume ɗaya ne, kowane naɗi yana rage shi, wata rana za a zo ga sarkin da zai yanki na ƙarshe. In labarinka na gidan sarautar da rana ke faɗuwa a kansa ne, kada ka nemi wani turare, ka ɗauki udu. Amma udu turaren ɗaki ne, na mutum biyar ko goma da ke kusa da sarki. Talakan da ke cikin kwalekwale a bakin fada ba zai ga hayaƙi ba, ba zai ji komai ba. Kuma gungume abin sata ne. Da zarar ka sa shi a labari, labarin zai karkata ya koma na ɓarayi da masu gadi da ƙofar taska, ko ka so ko ba ka so ba. Sandal kuwa, ɗan'uwansa mai sauƙin kai daga kudancin Indiya, ƙamshinsa mai laushi ne kamar madara, ya fi dacewa da ɗakin amarya ko wankan gawa, ba shi da kwarjinin da zai riƙe naɗi shi kaɗai.

Sai na tambaye shi abin da ya kamata in fara tambaya: rigimar littafin a kan me take? Ya ce ƙanin sarki ne ya kashe wansa ya hau gado, an gudu da magajin gaskiya yana jariri, an ɓoye shi a wurin masunta. Na ce to kawo kunnenka, turarenka haɗi ne.

Ga yadda muke yinsa, don marubuci ya san abin da hannun tsohuwar labarinsa ke yi. Ana samun itace, hawi ko sandal ko wani, a faskara shi ƙanana. A dafa sukari da ruwa da ɗan lemun tsami har ya yi danƙo, a zuba itacen a juya ya sha, sukarin ne ke riƙe turare a jikin itace, shi ne kuma ke sa shi ci a hankali. Sannan a bi da garin kajiji, wannan saiwar da ke fitowa a fadama, da jema in ana so, da miski, da madarar turaruka kala-kala, kowanne da lokacin zuba shi. In ka zuba mai sanyin ƙamshi tukunya na da zafi, ya gudu, ka yi asara. Daga nan a rufe a kwalba a ajiye. Turaren da aka haɗa yau aka ƙona gobe ɗanye ne, kowane ƙamshi na jan nasa. Sai ya yi makonni, wani ma watanni, kafin su saba da juna su zama abu ɗaya.

Akwai kuma farce. Ba farcen mutum ba ne, marufin bakin wani dodon koɗi ne na teku, siffarsa ce ta ba shi sunan. Ɗanyensa ƙarni yake yi, sai an jiƙa, an kankare, an wanke shi sau da yawa, an soya, an daka. Shi kaɗai a wuta ba ya da daɗi. Amma shi ne ke ɗaure sauran, ya sa ƙamshi ya kama jiki ya zauna, a humra da turaren wuta duka. Matan Barno da na Chadi da Sudan sun san wannan sarai. Na ce wa yaron, ga abin da masarautarka za ta iya fitarwa daga ruwanta, kajiji daga bakin gaɓa, farce daga hannun masunta, su ɗin nan da suka ɓoye magajin gado.

Haɗin fada ba sabon abu ba ne a duniya. Misirawan dā suna da nasu, kifi ake ce masa a bakin Girkawa, ba kifin ruwa ba, wanda wani marubucin Girka ya lissafa masa abubuwa 16, har da zuma da zabibi, ana ƙona shi da faɗuwar rana. A Attaura, cikin littafin Fitowa sura ta 30, an ba da haɗin turaren alfarwa mai abubuwa huɗu, lubban na ciki, akwai kuma wani da masana da yawa ke ganin farcen nan ne, aka kuma hana kowa haɗa irinsa don amfanin kansa, wanda ya yi a raba shi da jama'arsa. Wato tun can an gane cewa sirrin awo shi ne dukiyar.

Wannan shi ne abin da ya sa na fifita haɗi a kan sauran biyun, ga irin labarinsa. Lubban ana saye, udu ana sata, haɗi kuwa yana cikin kan mutum. A fadar da ya ƙirƙira, uwar soro ce za ta riƙe shi, ta karɓa daga wadda ta gabace ta, ba a rubuce ba, da tafin hannu da hanci. Ƙanin sarki yana da dakaru, yana da masu zaɓen sarki a aljihu, an buga tambari, an busa kakaki. Amma dole ya aika wa tsohuwa ta haɗa turaren naɗi. Ba za ta iya ƙi ba, za a kashe ta. Abin da za ta iya shi ne ta rage abu ɗaya. Maza ba za su lura ba, hayaƙi ya tashi, ƙamshi ya cika zaure. Sai dai kafin la'asar ya bar alkyabbar, alhali na sarakunan baya yakan kwana bakwai a jiki, kuma duk wata kuyanga da jakadiya da matar bafade ta san abin da hakan ke nufi. Kafin gari ya waye maganar ta ƙetare ruwa. Ni na ga irin wannan a gidajen biki: mace ta shigo, ba ta ce komai ba, tsofaffi sun riga sun san daga hannun wa turarenta ya fito, sun kuma san in an yi ha'inci a haɗin.

Ban ɓoye masa wahalarsa ba. Haɗi ya fi wuyar rubutawa, don mai karatu ba shi da suna guda da zai riƙe, sai ka nuna masa aikin tun babi na biyu ko na uku, ya ga tsohuwa tana wanke farce, ya ga jerin tuluna a ɗaki mai duhu, don ranar naɗi ya gane abin da aka rage ba tare da an yi masa bayani ba. Sannan akwai laima. Duk mai wannan sana'a a Legas ta san abin da watan Yuni da Yuli ke yi mana: sukari yana jan danshi, turare ya dunƙule, in marufi bai kama ba ya canza, gawayi ma sai an yi ta fifita kafin ya kama. Lubban da udu ba ruwansu da wannan, shekara nawa suka yi suna nan. Masarautar da ke kan ruwa za ta fi mu shan wannan wahala, don haka tulunan fada sai an toshe bakinsu da kakin zuma, a ɗora su a rataye kusa da murhun da ba ya mutuwa. Ni a ganina wannan ma riba ce, domin ya ba ka ɗaki guda a fada da babu namijin da ke shiga.

Na ƙara masa da abu ɗaya, don yaro ne mai karatun addini kuma na san zai yi tunaninsa. In mutanen labarinka masu bautar wani abu ne, ka nuna su yadda suke, hayaƙinsu na gunkinsu ne, mai karatu ya san almara yake karantawa. Amma ba dole turaren fada ya zama na tsafi ba. Turara alkyabba a kan kabbasa, zagaya baƙi da kasko, turara likkafani, duk girmamawa ce da tsafta, kuma sun ishi labari nauyi. Ba sai aljani ya fito daga hayaƙi ba kafin hayaƙin ya yi aiki.

Ya tambaya ko zai iya haɗa biyu. Na ce zai iya, in ya raba musu aiki: lubban a waje, a manyan kasake a bakin ruwa inda jama'a za su ga farin hayaƙi daga nesa su san an yi sabon sarki, haɗin tsohuwa kuma a ciki, a jikin tufafin. Udu ya bar shi, sai in zai rubuta littafi na biyu a kan jikokin wannan gida.

Da zai tafi na ɗebo masa ƙwayoyin lubban a takarda, da haɗina kashi biyu a 'yan kwalabe, ɗaya da farce ɗaya babu, ban gaya masa wanne ne wanne ba. Na ce ya turara hula biyu, ya rataye su a ɗaki daban-daban, kada ya rubuta babin sai ya kwana uku yana shinshinawa. Ranar Laraba da asuba ya turo mini saƙo: "Gwaggo, ta hannun dama ce babu. Tun jiya ta koma warin hula."